Kalangun Da Na Kulle A Ƙarƙashin Bene

Kusan duk shekara idan Fabrairu ya kama, akwai Lahadin da nake wayar gari ina tsintar gashin tsuntsu a kujerar bayan motata. Ruwan hoda, shuɗi, wani har da ƙyalƙyali. Irin wanda ake kitsawa dogo kamar gyale ne, yara su rataya a wuya, iyayensu ma su rataya ko a jikinsu. Ni direban tasi ne a Göteborg, birni na biyu a girma a ƙasar Suwidin, kuma duk direban garin nan ya san daren da Melodifestivalen ta sauka a babban zauren Scandinavium. Za ka yi ciniki, amma sai ka kwana biyu kana sharar mota.

Mello suke ce mata a taƙaice. Gasa ce da gidan talabijin na ƙasa, SVT, yake shiryawa don a fitar da waƙa ɗaya tak da za ta wakilci Suwidin a Eurovision, gasar waƙa ta ƙasashen Turai da ake yi a watan Mayu. Tun 1959 aka fara ta. A da dare ɗaya ake yi a gama, daga 2002 aka mayar da ita yawon gari-gari, yanzu Asabar shida ce a jere daga farkon Fabrairu zuwa Maris, daidai lokacin da duhu da sanyi suka gama gajiyar da kowa. Ƙarfe takwas na dare titi ya yi tsit. Ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 10 da ɗoriya ba, sai ka ji an ce miliyan 3 sun zauna kallon abu ɗaya.

Na daɗe ina ba da labarin abin da ya faru a gidana kamar gasar nan ce mai laifi. Yau dai zan faɗe shi yadda yake.

Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, makaɗin kalangu ne a Tudun Wadan Zariya. Mahauta yake yi wa kiɗa, kamar yadda ubansa ya yi wa iyayensu. Da safe idan an kawo nama daga kwata ya tsaya bakin rumfa ya saki take, duk unguwa ta san nama ya iso. Ran biki kuwa shi ne har tsakar dare, yana kiɗa yana waƙa. Ina shekara bakwai ya rataya mini kurkutu, ina binsa a baya ina riƙe masa kiɗa, kuma na iya, ba yabon kai ba. Amma shi daban ne. Ya matse tsarkiya a hammata ya kira sunan mutum da na kakansa ba tare da ya buɗe baki ba, mutumin ya juyo daga nesa yana laluben aljihu. Da wannan laluben aljihun aka saya mini littafi har na shiga jami'a.

A shekarata ta ƙarshe na nemi wata yarinya. Mun daidaita da ita, aka tura manya. Kawunta ne ya tarbe su a zaure, ya sa aka kawo ruwa, aka gaisa a mutunce, sannan ya ce su dai gidansu ba su saba haɗa iri da maroƙa ba, kada a ji haushi. Baffana da ya dawo ya kasa maimaita maganar, sai da aka matsa masa. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, ai ba ƙarya ya yi ba. Roƙo muke yi." Ya saɓi kalangunsa ya tafi wani suna da aka gayyace shi. Ni kuwa daga ranar ban sake taɓa fatar ganga ba. Duk inda aka tambaye ni sana'ar mahaifina sai in ce ɗan kasuwa ne. Labari ya kai masa, bai taɓa ɗaga mini maganar ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Wadda Allah ya nufa na aura 'yar mahauta ce, da kiɗan Baba aka yi sunanta. A 2003 muka sami 'ya mace, na mayar da sunan mahaifiyata, muna ce mata Ummi. Ba a jima ba Baba ya sami shanyewar ɓarin jiki, don haka Ummi ba ta san shi ba sai a kwance kan tabarma. A 2005 na sami gurbin digiri na biyu a Suwidin, lokacin ko baƙo ba ya biyan kuɗin makaranta, sai a 2011 aka fara karɓa. Karatun na gama shi, aikin da na karanta ne bai samu ba. Na yi rabon jarida da ƙarfe uku na dare cikin ƙanƙara, na yi wanke-wanke a gidan abinci, daga baya na sami lasin tasi.

A 2009 iyali suka iso. A filin jirgi na hango maman Ummi ta rungumo wani abu naɗe cikin tsohon zani, ta ƙi yarda a sa shi cikin akwati. Tun kafin ta kwance na gane. Ta ce Baba ya ce a kawo mini, ko ban kaɗa ba in ajiye. A gidajen haya na nan kowane mai ɗaki yana da ɗan wurin ajiya a ƙarƙashin bene, an kewaye shi da ragar waya kamar kejin kaji. Can na kai shi, na ɗora akwatunan wofi a kai, na sa kwaɗo. Na kuma roƙi matata kada ta gaya wa yarinya. Baba ya rasu a 2011, kafin in sami jirgi an riga an kai shi makwancinsa.

Ummi ce ta shigo mana da Mello gida. Ta shiga makaranta a unguwarmu ta Angered, cikin wata shida ta fi ni harshen. Wata Litinin ta dawo da kuka, wai kowa a ajinsu yana maganar wanda ya wuce da wanda aka kora, ita kaɗai ce ba ta san kan zancen ba. Asabar ta gaba na jinkirta fita aiki muka zauna. Ita ta tsara komai. Ta yago takarda ta ja layi da fensir mai launi, suna uku a sama, Abba, Mama, Ummi, kowa ya ba kowace waƙa maki. Uwarta ta soya ƙosai, aka haɗa da soyayyen dankalin leda da 'yan ajinsu suka ce in babu shi ba a yi kallo ba. Uwarta bisa sutura take ba da maki, duk wadda ta fito rabin jiki a waje sifili ce ko da ta fi kanari murya. Ni kunnena na kan kiɗa, ko da yake ban faɗi dalili ba. Ummi kuwa duk wanda ya ba ta tausayi shi ne nata. Lokacin da waya ake bugawa a yi zaɓe, lamba biyu ce ga kowace waƙa, ɗaya mai araha, ɗaya mai ɗan tsada da ake kai kuɗinta ga taimakon mabukata, kuma kullum mai tsadar take sa ni bugawa, wai ai sadaka ce. Idan aka jefa nata a zagayen da suke kira dama ta biyu, sai ta yi mako tana masa addu'a, uwarta na cewa ke ki ji tsoron Allah. A shekarar farkon nan, 2010, wata budurwa mai jita, Anna Bergendahl, ta ci, ta je Eurovision a Oslo aka cire ta tun kafin wasan ƙarshe, abin da bai taɓa samun Suwidin ba. Ummi ta ƙi cin abincin dare.

A 2012 wata ta fito ba takalmi, gashi ya rufe mata fuska. Loreen. Ummi ta ce 'yan ajinsu sun ce iyayenta mutanen Maroko ne. Ta ci Mello a Maris, a Mayu ta je Baku ta ciyo Eurovision ɗin gaba ɗaya. Washegari duk fasinjan da na ɗauka zancen ke nan, kuma "mun ci" suke cewa. Wani dattijo da na kai asibiti har da share hawaye yana ba ni labarin daren da ABBA, mawaƙan Suwidin, suka ci a 1974, shekarar da aka haife ni. Ni abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Ga 'yar baƙi, sana'arta waƙa, ƙasa guda ta taru ta ce je ki ki yi magana da yawunmu. Sai zauren kawun yarinyar nan ya faɗo mini, da ruwan da ya sa aka kawo.

Bayan shekara biyu Dr Alban ya shiga gasar, a nan Göteborg. Mutumin Oguta ne ta jihar Imo, ya zo ƙasar nan ya karanta likitancin haƙori, waƙa ta ɗauke shi. Duk wanda ya yi samartaka a shekarun 1990 ya san shi, ko a Zariya. Daren na sayi tikiti biyu, karo na farko da na shiga zauren da na saba tsayawa a ƙofarsa. Bai wuce ba, na biyar ya zo cikin takwas. A hanyar gida Ummi na bayan mota tana rera abin da ta jiyo, sai na kashe rediyo. Muryar Baba ce, wallahi, an dai sirantar da ita. Har yadda yake jan ƙarshen baiti ya sauke shi ƙasa-ƙasa. Yarinyar da ba ta san kakanta ya taɓa yin waƙa ba.

Na sa ta a makarantar kiɗa ta ƙaramar hukuma, kuɗinta ba yawa. Wannan ba laifi ba ne. Inda na kauce shi ne ranar da na sayi wani littafi mai baƙin bango na fara nazarin gasar kamar mai shirin jarrabawa. Waƙa ba ta wuce minti uku. Mai rerawa sai ya cika shekara 16. Daga 2015, a tsarin wancan lokacin, waƙoƙi 28 ne, bakwai-bakwai a zagaye huɗu, biyu su wuce kai tsaye, biyu su tafi dama ta biyu, 12 su haɗu a wasan ƙarshe a katafaren filin ƙwallo na Solna, gefen Stockholm. A can rabin maki na alƙalai ne daga wasu ƙasashe, rabi na jama'ar gari. Abin da ya fi tsone mini ido shi ne ƙofar a buɗe take. Daga ƙarshen Agusta zuwa tsakiyar Satumba mutum na iya aika waƙarsa ta intanet. Sama da 2,000 ake aikawa kusan duk shekara, kwamiti ya tace ya ɗauki kimanin rabin 28 ɗin nan, sauran gidan talabijin ya gayyato da kansa. Mai hankali zai auna 14 cikin dubbai ya koma ga tasinsa, balle da yake yawancin waɗanda ake ɗauka ƙwararru ne da ba su da wata sana'a sai rubuta waƙa, sunayensu ke ta dawowa shekara bayan shekara. Duk wannan yana rubuce a littafina da hannuna. Ban dai karanta shi da idon basira ba.

Asabar ɗinmu ta sauya. Takarda mai launi ta ɓace, littafina ya hau kujerarta. Ina riƙe da agogo ina auna daƙiƙa nawa ake yi kafin amshi ya shigo. In ce, "Kin ga yadda ta kalli kyamara? Kin ji inda ya ɗaga murya a amshin ƙarshe? Tashi ki gwada." Ta tashi ta gwada, ƙosai na hucewa a faranti. Idan ta ce wane ya ba ta tausayi, in ce tausayi ba ya cin gasa. Uwarta ta daina zama da mu, ta koma ɗaki da carbinta. Wasu abokai a masallaci suka yi mini nasiha cewa wannan ba wurin 'ya mace mai hijabi ba ne, na ɗauke su kamar kawun nan ne ya biyo ni Turai, ban saurari kowa ba. Matata ba nan damuwarta take ba. Sau biyu tana gaya mini cewa duk ranar da za a yi wasa a makarantar kiɗa sai yarinyar nan ta yi amai kafin ta fita. Na ce kowane babban mawaƙi haka ya fara.

Ummi ta cika 16 a 2019. Na rubuta waƙa, amshinta da Hausa, baitocin na sa ta taya ni da Turanci. Karin na ɗauko shi daga wani take da Baba ke kaɗa wa samarin mahauta, ban gaya wa kowa ba. Wani fasinja ya haɗa ni da wani mai situdiyo a ƙasan wani gini, ba zan kama sunansa ba. Ya saurara ya ce akwai abu a ciki, sai dai Hausar ta yi yawa, mutanen nan ba za su bi amshin da ba su ji ba, a bar kalma biyu don ƙamshi. Na yarda. Ya ce kiɗan yana ɗingishi, a miƙe shi ya dace da rediyo. Na yarda. Ɗingishin nan kuwa shi ne taken. Da ya gama, abin ya koma kamar miyar da aka tsinka da ruwa don baƙi sun yi yawa. Ya karɓi kurona 25,000, kuɗin ƙasar nan. Don kada in zalunce shi, ya gaya mini gaskiya guda: ko an ɗauki waƙar, gidan talabijin na da ikon ba wani mawaƙin ya rera. Na ce ba komai. Ummi na tsaye a wurin.

Muka aika. Ƙarshen Nuwamba aka bayyana sunaye, babu mu. A 2020 muka sake, wata waƙar, wani kuɗin, lokacin da korona ta kashe kasuwar tasi har in yi awa uku a tasha ba fasinja. Kuɗin da muke tarawa na Hajjin matata na taɓa. Ranar da ta duba asusu ta gani, kallona kawai ta yi. Nan ma shiru.

Da wataƙila na haƙura daga nan, sai ga Tusse. A 2021 ba 'yan kallo saboda annoba, duk zagayen a Stockholm aka yi. Yaro ɗan shekara 19, haifaffen Kwango, ya yi zaman sansanin gudun hijira a Yuganda, ya iso Suwidin yana ƙarami ba tare da iyayensa ba, ya tashi a wani ƙauye a yankin Dalarna. Tun 2019 an raba ƙuri'ar manhajar waya gida bakwai bisa shekaru, daga 'yan shekara 3 zuwa 9 har zuwa masu 75 da sama, ga masu buga waya na takwas. A wasan ƙarshe dukkan takwas ɗin shi suka ba maki mafi girma, yara da kakanninsu baki ɗaya. Na miƙe tsaye a falo ina cewa, "Kin gani? Kin gani? Shekara ɗaya kawai ya ba ki!" Ban lura ko wayarta ba ta ɗauka a daren ba. Uwarta ce ta gaya mini daga baya.

Satumba ta zo, waƙa ta uku. Na ajiye aiki da rana muka tafi situdiyo. Ɗan tsukukun ɗaki ne, bango duk soso, gilashi tsakaninmu da ita. Ta ɗora abin saurare a kan hijabinta, mutumin ya saki kiɗa. Wurin shigarta ya zo ya wuce. Ya mayar. Ya sake wucewa. Karo na uku na danna maɓallin magana na ce, "Ummi, awa ake biya fa." Ta cire abin sauraren ta rataye shi a hankali, ta matso bakin makirufo, don haka maganar ta manyan lasifika ta fito mana, tas, har da numfashinta. Da Hausa ta yi, ita da ta fi sakewa da harshen ƙasar nan.

"Abba, ni ban taɓa cewa ina so ba. Ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ba. Da aka ce za a iya ba wata ta rera ka ce ba komai, ina tsaye. Sunanka kake so ya fito a ƙasan talabijin. To ka rera da kanka mana."

Mai situdiyon ba ya jin Hausa, amma ya tashi ya ce zai je ya sha kofi.

A mota ba wanda ya ce uffan sai da muka kusa gida. Tana kallon taga ta ce da can duk mako Asabar take jira, yanzu tun daga Alhamis cikinta ke fara murɗawa. Na so in ce ai don ke nake yi. Bakina ya ƙi, don na san abin da ke kan takardar aikawa a gurbin marubuci: sunana ne, da na Baba a bayansa. Idan waƙa za ta fara, sunan marubucinta ake sawa a ƙasan allo. Shekara bakwai ina fafutukar mutum miliyan 3 su karanta sunan makaɗin Tudun Wada, ni da na kasa gaya wa 'yata sana'arsa.

Ba mu aika ba. Shekara ta zagayo ta nemi karatun aikin jinya, ta zaɓi Umeå, kusan kilomita 1,000 daga nan, alhali akwai irinsa a garinmu. Ba faɗa muka yi ba. Ran Juma'a takan kira, mu gaisa, ta ce a ba Mama. Fabrairun 2023 tun ƙarfe shida nake ficewa aiki don kada in ga talabijin. Loreen ta sake ci a shekarar, ta je Liverpool ta ciyo wa Suwidin na bakwai. A rediyon mota na ji, na kashe.

Wani dare na dawo na tarar da maman Ummi zaune a kicin, mabuɗin kwaɗon nan a kan tebur. Ta ce, "Baban Ummi, na gaya mata." Na ce me? Ta ce duka, da kalangun, da kwata, da kawun da ya kore ku. "Shekara 14 na riƙe maka alkawari, na gaji. Ni da kiɗan bawan Allahn nan aka raɗa mini suna, ban taɓa jin kunyarsa ba. Kai ne ka kulle ubanka a kejin kaji kana neman Turawa su tafa masa. Sauka ka ɗauko shi." Tun da muka yi aure ba ta taɓa yi mini magana da wannan murya ba. Na tambayi abin da Ummi ta ce. Ta ce shiru ta yi, can ta tambaya ko akwai kaset ɗinsa. Babu. Shekara 40 yana kiɗa, ko minti ɗaya ba wanda ya ɗauka, ni da nake da rikoda a ɗakina na jami'a ina sauraron mawaƙan wasu ƙasashe.

Na sauka a daren. Fatar fuska ɗaya ta tsage, tsarkiyoyin sun bushe ƙayau kamar tsinke. Kangon dai lafiya lau, inda hannunsa ke gogawa ya yi baƙi yana sheƙi. Na kai shi hanci na ji kamar da sauran hayaƙin tsire, ko hancina ne ya ƙirƙira, oho. Wani ɗan Gambiya mai gyaran ganguna ya ɗaura mini sabuwar fata, sai da ya yi wata biyu yana neman mai laushin da za ta dace. Hannuna ya manta da yawa. A mota na riƙa koyo, a wani filin ajiye motoci kusa da tashar jiragen ruwa, tagogi a rufe, don a gidan bene na ƙasar nan idan ka kaɗa kalangu takardar ƙorafi za ka tarar a ƙofa. Wata rana na ɗauki minti ɗaya da waya na tura wa Ummi, ban rubuta komai ba. Bayan kwana biyu ta amsa da tambaya: "Me yake cewa?" Na rubuta mata kalmomin taken. Tun daga nan duk wanda na tuno sai in tura, ita kuma ta adana. Mun kai 23. Wasu rabi ne, ƙarshensu ya tafi da mai shi.

Ƙarshen Fabrairun 2025, ana saura kwanaki a kama azumi, wasu Hausawan Kumasi da ke unguwarmu suka yi suna ran Asabar a wani zaure da ake haya a ƙasan gini. Ummi ta zo hutun ƙarshen mako. Matata ce ta tona mini asiri wurin matan, suka aiko takanas. Na tsaya bakin ƙofa da kalangu a hammata, ina shekara 50, gwiwata na rawa kamar ranar da aka fara rataya mini kurkutu. Na saki take. Wata tsohuwa da aka kawo daga Gana don kula da mai jego ta dire farantinta ta rangaɗa guɗa, kafin in ankara fili ya cika.

Sai ga matsala. Ana son yin liƙi, ba mai takardar kuɗi, don a ƙasar nan an kusa mantawa da kuɗi a hannu, komai ta waya ne. Mata sai laluben jaka suke yi. Can na ga Ummi ta yago bangon kwalin lemo, ta rubuta lambar wayata ɓaro-ɓaro, ta sa Swish, sunan manhajar tura kuɗi ta waya, a sama, ta zo ta tsaya gefena ta ɗaga shi sama. Waya ta riƙa rawa a aljihuna har na gama. Wata mata ta tambaye ta ko ita ce 'yar makaɗin. Ta ce, "Jikar makaɗi ce ma, Hajiya. Ki ƙara, hamsin ta yi kaɗan." Kurona 1,840 aka tara. Na tura su asusun Hajji, da sauran tafiya kafin ramin ya cike.

Ƙarfe bakwai da rabi ta ce mu tashi, za a fara. A gida ta saukar mini da manhajar, ta sa ni a rukunin 'yan 45 zuwa 59 tana dariya. Ashe tsarin ma ya sauya ban sani ba, yanzu waƙoƙi 30 ne a zagaye biyar. Can sai ga wasu maza uku cikin kwat, KAJ, daga Vörå, wani ƙaramin gari a Finlan inda harshen Suwidin suke yi. Ɗayansu na riƙe da abin kiɗan nan da ake ja ana matsewa kamar zugazugi, suna waƙar shiga ɗakin surace da karin harshen garinsu. Shekara 20 ina ƙasar nan, ban tsinci rabin abin da suke faɗa ba. Na tuna mai situdiyo da kalma biyunsa na ƙamshi. Bayan mako biyu su suka cinye gasar, suka kayar da Måns Zelmerlöw da ya ciyo Eurovision a 2015, amma a daren ba wanda ya san haka.

Hannuna ya kai aljihun riga neman biro, tsohuwar al'ada. Ummi ta gani. Ta miƙo mini wata takarda da ta yago daga littafin karatunta, ta riga ta ja layi, suna uku a sama. Na ba su takwas. Ita ta ba su goma. Uwarta ta leƙo daga kicin da farantin ƙosai, ta ƙare musu kallo daga sama har ƙasa, ta ce ita ba ta ji me suke cewa ba, amma tunda sun sa sutura har wuya a rubuta mata goma.